An Sallami Mai Gyaran Lokaci

Tsohuwa Haula ta taso daga Kalfu takanas zuwa kasuwar Tawa, inda jikanta Illa yake gyaran salula. Jiya agogon wayarta ya yi mata ƙarya, motar Affala ta tafi ta bar ta, ga shi gobe sunan tattaɓa-kunnenta a can.

"...da gajiya, amarya? Ko tsuhwa ya hana ki amsawa?"

"Lahiya lau, mijin banza. Duba wayag ga. Rana tsaka tana ce mani hantsi."

Illa ya latsa, ya gyaɗa kai. "Abin da ka daidaita maki lokaci ne anka sallama."

"Wa anka sallama? Akwai mutum ciki?"

"Ba mutum ba, manhaja ce. Mai kula da ita ya ce ya gaji, kowa shi nemi wata."

"Ciwo gare ta?"

"Lahiyarta lau."

"Sata ta yi?"

"A'a. Tsuhwa dai, kamar wata da na sani."

"Tsohon doki sai mai shi. Lahiyarta lau kunka kore ta? Haka za ka yi mani ke nan."

"Ke ai tun bara ni ka neman madadinki, babu mai karɓar canji."

"Ni ko madadinka na nan, ƙanenka Tanna. Ya fi ka haƙora, ya fi ka kyauta."

"Sabbin manhajojin biyu ne. Wace za ni sa maki?"

"Wace ta san hanyar Affala?"

"Ba su san hanya ba, lokaci suka sani."

"Wa ya hwaɗa masu?"

"Suna tambayar wata babbar na'ura can nesa."

"Ita wa ta tambaya?"

"Wata wadda ta fi ta."

"Ita kuma hwa?"

Illa ya aje wayar bisa tebur. Ya sosa ƙeya, ya dubi maƙwabcinsa mai sayar da caja, shi kuwa ya kau da kai.

"Ashe makaho ka jan makaho," in ji Haula. "Sa wadda ka ga dama. Amma in motar gobe ta bar ni, kai za ka goya ni har Affala."

Illa ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya sa mata sabuwar, ya ciro goro fari daga aljihu ya miƙa mata.

"Kin ci, amarya. Kwana gidanmu, ni da kaina za ni kai ki tasha."

Ta ɓare goron, ta jefa ɓari a baki. "Ɗauko mani kayana, to. Kuma kak ka tambayi kowa hanya."