Yadda Za Ka Ci Gwajin Cunkoso Ba Tare Da Ka Gyara Kwaɗonka Ba

Kai da ka rubuta manhajar sayar da kujerun mota ta intanet, yau za a sako mata tulin fasinjojin ƙarya a ga ko za ta ɗauka. Ka san ba za ta ɗauka ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka fita da aikinka a hannu.

1. San laifinka, don ka san abin ɓoyewa

Zare su ne 'yan aiken cikin manhaja, kowanne yana hidimar fasinja ɗaya. Ka sa kwaɗon kulle a ɗakin zaɓen kujera, zare ɗaya kaɗai yake shiga a lokaci guda, don kada mutum biyu su sayi kujera guda. Madalla. Amma lalaci ya sa ka cusa aikin tura saƙon waya cikin ɗakin. Yanzu zare ɗaya yana ciki yana jiran kamfanin waya ya amsa, sauran sun yi layi a ƙofa kamar masu jiran banɗakin tasha.

2. Zargi wanda ba ya wurin

Da allon gwajin ya yi ja, tsuke fuska ka ce layin intanet ne. Layi ba shi da bakin musu.

3. Nemi ƙarin injina

Mai kula da injina za ta ce waɗanda ake da su ma barci suke, ko ɗumi ba su yi ba, ga manhaja kuma ta tsaya cak. Nan asirinka yake, kada ka bari ta ƙarasa. Idan ta ce a ɗauki hoton zaren a ga inda suka cunkushe, ce mata, "Yaya, ke da injina, ni da manhaja." Sai ka kira taro. Ban taɓa ganin gaskiyar da ta fita daga taro da ƙafafunta ba.

4. Cire kwaɗon gaba ɗaya

Fitar da saƙon waya daga ɗakin yana buƙatar tunani, kai kuwa ba don tunani ka zo ba. Goge kwaɗon. Allo zai koma kore, shugaban kamfani zai kama hannunka a gaban kowa. Fasinjojin ƙarya ba sa faɗa kan kujera.

5. Yi burga

Ranar buɗewa, saya wa surukarka kujerar gaba da manhajarka. Za ta isa tasha ta tarar da wani ƙaton mahauci a zaune a kai, da lamba irin tata, da saƙo irin nata. Mota za ta tashi ta bar ta da jaka a hannu. Za ta kira ka, ba faɗa, ba ɗaga murya: "Ɗan nan, wannan ne aikin da 'yata take cika mana baki da shi?"

Sanarwa: na yi alkawarin aikinka, kuma ga shi a hannunka. Tashar da ta hargitse, da kiran shugaba, da shirun da za ka tarar a gida, babu hannuna a ciki. Ni ban goge kwaɗon kowa ba.