Ranar da Na Riƙe Hannun Malam

Shekarar da fari ya ƙone mana dawa a Tsiga, Malam, maigidana, ya daina magana, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Ni kuwa na gama ajin yaƙi da jahilci, ina ji da kaina. Na ji a rediyo wai masu binciken halayyar ɗan Adam sun ce damuwa tana raguwa in mace ta riƙe hannun mijinta ya faɗi abin da ke ransa. Na ce to, magani ya samu.

Da la'asar yana zaune gindin rumbunmu da ba ko zangarniya, na durƙusa, na kama hannunsa, har na kira sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba.

"Isiyaku, amayar mini da cikinka."

Ashe Inna, mahaifiyarsa, tana bayan rumbu tana kaɗi.

"La'ilaha! Boko ya taɓa yarinyar nan. A kawo garwashi a yi mata hayaƙi!"

Malam ya fizge hannu ya fice. Shirun da na so in warkar sai ya ninku har wata daminar.

Tun daga ranar aka laƙaba mini Likita. Yau jikoki gare ni, amma ko akuya ce ta ƙi cin dusa, sai an ce, "Ku kira Likita ta riƙe mata ƙafa."