Yadda Na Ci Tseren Keke Na Ƙare a Cikin Laka

Ni na ci tseren, wannan ko Lawal Jet bai isa ya musa ba. Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne inda na ƙare: cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini, tsamo-tsamo har kunne, gaban dattawan garinmu kaf.

Bari in faro maku daga tushe. Hutun da ya wuce na koma ƙauyenmu, can gefen Faskari, na tarar gari ya canza. Tunda kuɗin man fetur ɗin nan suka shigo ƙasa kowa ya waye, wane ya yi rediyo, wane ya yi agogo. Kawuna Alhaji kuwa da ya kai audugarshi Funtuwa sai ya dawo da keke sabo dal, ko takardun jikinshi bai yarda an ɓare ba. Ni kuma makarantarmu da nisa, duk ranar komawa sai na sha ƙasa da akwati bisa kai kafin in kai bakin titi. Na lallaɓa na roƙe shi ya bar mani keken in tafi da shi zango mai zuwa.

Kawu ya ce shi bai yarda da 'yan boko ba, ba mu da ladabi, muna wuce manya bisa keke muna ɗaga masu hannu kamar direban Gwamna. (A garinmu, in ka hango dattawa zaune, sauka kake ka tura keken, ka durƙusa ka gaishe su, sai ka ba su baya sannan ka hau.) Ya ce zai ba ni aro na mako guda ya gani. In na nuna hankali, keke ya bi ni makaranta. In ko aka kawo mashi ƙarata sau ɗaya, in manta.

To akwai wani burtali da ke gangarowa daga kan dutsen bayan gari, inda mu ɗalibai ke tsere da la'asar. Hanya ce mai daɗi, ko ɗan koyo ya bi ta: rairayi kaɗan, 'yan duwatsu, kwana ɗaya tak. Ƙarshen tsere wani suri ne. Nan kowa ke taka birki ya sauka, don gaba kaɗan tsamiyar da dattawa ke zama take. Sarkin wannan hanya shi ne Lawal, ɗan ajinmu, wanda ya laƙaba wa kanshi Jet. Da ya ji na samu keke sai ya ce a gaya mani in zo da shi ya koya mani hawa. Ni za a koya wa hawa? Ni da babban yatsana kaɗai in ya hau ƙararrawa sai 'yan mata sun leƙo ta kan danga.

Ranar tsere na ce ba gudu kaɗai ba, har a kwalisa sai na kayar da shi. Inna na tuyar ƙuli-ƙuli, na faki idonta na tsoma tsumma cikin man gyaɗa. Na goge kan keken, na goge madgadi, na ga yana walƙiya, daɗi ya kwashe ni na bi ƙarfen ƙafafun duka biyu na mulke, har inda robar birki ke kamawa. (Ajinmu uku a sakandare fa, kuma kimiyya na fi ci.) Na tura shi har kan dutse ina yanga, ban taɓa birki ko sau ɗaya ba.

Aka ce mu tafi. Wallahi farkon abin ba a magana. Na kwanta bisa kan keke, iska na kaɗa mani riga, na wuce mutum biyu, a kwanar nan na sha gaban Jet ta ciki ina danna mashi ƙararrawa. Na wuce suri ni kaɗai, na ɗaya, ba ko na kusa.

Sai na matsa birki. Keke ya ce bai san zancen ba. Na matsa na baya, na haɗa duka biyun har yatsuna suka yi ƙara, sai ma wani sulɓi da ya ƙara. Ga tsamiya na tahowa, ga dattawa bisa tabarmi, Mai-unguwa a tsakiya, Kawu a damanshi yana ɓare goro. Hanyar kuma ta gefen tabarmarsu ta bi, ga takalmansu jere a kai. Hagu kuwa ramin da Malam Ɗanjuma magini ya kwaɓa ƙasar tubali ne, ta kwana uku tana tsima.

Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Salamu alaikum, Baba ku gafarce ni, babu birki!” Na karya kan keke hagu.

Laka ta karɓe ni hannu biyu. Keke ya cake ya tsaya cak, ni na wuce ta samanshi. Da na miƙe ido kaɗai ake gani. Na rasa abin yi, sai na fito ina ɗiga, na je gaban tabarma na durƙusa na ce, “Barkanku da hutawa.” Wani tsoho ya amsa da lafiya lau, ya tambayi ɗan gidan wa ne, don bai gane ni ba.

Kawu ya miƙe daga bisa tabarma. Ya je ya ciro kekenshi, ya duba gaba ya duba baya, ya shafa yatsa a ƙafar, ya sunsuna, ya ɗanɗana. Ya juyo ya gaya wa jama'a man gyaɗa ne. Dariyar da aka yi har Jet da ya iso yana tura nashi keken sai da ya zauna ƙasa. Ni dai na sadda kai, na san keke ya tafi.

Sai Mai-unguwa ya share hawaye da bakin rawani ya ce, “Alhaji, wauta kam ya yi ta. Amma yaron ga ya ga tabarmarmu, ya ga laka, ya zaɓi laka. Ni ban san ladabin da ya wuce wanga ba.”

Kawu ya daɗe yana tauna goro. Daga baya ya yanke hukunci: in wanke keken da toka har birki ya kama, in kuma taya Malam Ɗanjuma sake kwaɓa ƙasarshi kwana uku, tunda na riga na san zurfin ramin. In na gama, in tafi da shi makaranta.

Ga keken can jingine bayan ɗakin kwananmu na makaranta yanzu haka, duk mai shakka ya je ya gani. Abin da na koya dai, ba ko'ina ake son sheƙi ba, kuma kafin ka hau dutse ka gwada birki tun kana ƙasa. Wanda ya karanta takardar nan ya miƙa wa na kusa da shi, don Allah a tabbata ta kai hannun 'yan aji ɗaya masu sabon keke.