Waƙar Auren da Ba a Ɗaura Ba

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwar matata ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Bakura ba za su bar ni ba. An fi shekara yanzu, amma har gobe in zan shiga gidan surukaina sai na faki lokacin da maza suka tafi masallaci.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Talata Mafara, kuma ina da wata cuta da duk wanda ya taɓa zama a shagona ya sani: bakina ba ya rufuwa a kan waƙoƙin da. Ba na kalangu da kukuma nake nufi ba, na zamaninmu nake nufi, shekara goma sha wani abu baya, lokacin da fiyano ke mulki. Lokacin da kowane fim sai an yi rawa sau biyar a cikin lambu, jarumi ya canza riga uku kafin baiti ɗaya ya ƙare, mu kuma muna zaune a gidan kallo baki buɗe. Za ka kai memorinka wurin masu turi a bakin tasha ka ce a cika maka, ka saka a waya 'yar China mai ƙarar tsiya, ka hau babur ka nufi Maradun bayan la'asar, ba wanda zai ce maka ka fara tambaya ko hanya lafiya. Duk wannan ya wuce, kuma ina jin haushin wucewarsa har cikin raina.

A Maradun ɗin nan akwai wata yarinya, Shafa'atu, muna ce mata Shafa. Shekara biyu ina zuwa zance wurinta. A lokacin an shiga yayin waƙar aure: ango zai je wurin mawaƙi mai ɗakin ɗaukar sauti, ya ba shi sunansa da na amarya da na ƙawaye da abokai, a haɗa masa waƙa tasa ta kansa, a saka ranar biki. Masu hankali suna bari sai an sa rana. Ni kuwa, da yake kaina yana rawa, ko gaisuwar iyaye ba a kai ba na tafi wurin wani mawaƙi a bayan tasha da takarda cike da sunaye. (Har sunan babur ɗina na rubuta masa. Allah ya sa ya fi ni tunani bai saka ba.)

Waƙa ta fito minti tara cif. An matse muryarsa da na'ura har tana rawa, wata yarinya tana yi masa amshi. Ya kira sunana da na mahaifina da unguwarmu, ya ce ni ne mai tada injin da ya gagari kowa, sannan amshin ya shigo: "Angon Shafa, ango na Mafara, yau Maradun ta ba ka amana." Ranar da na karɓo ta na saurara ya fi sau ashirin. Na ɓoye ta, ko Shafa ban jiyar ba, wai sai ranar biki ta ji ta a babbar lasifika.

Ranar ba ta zo ba. Shafa ta sami gurbin karatun jinya, ta tafi, bayan wata huɗu ta aiko yayanta ya ce mini in yi haƙuri, ta duba ta ga ba za mu daidaita ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ci mini komai ba. Ta dai bar ni da waƙar aure babu aure.

Bayan shekara ɗaya da rabi na nemi Luba, 'yar Bakura, wadda ita ce matata yanzu, uwar 'ya'yana uku. Da biki ya matso, ƙawayenta suka tare ni suna tambayar wane mawaƙi zan ba aikin waƙar amarya, don kowace amarya a lokacin ana yi mata. Ni kuwa a lokacin ko fiyano ba na son ji. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na gyara zama, na sunkuyar da kai, na ce ni ba na son a fara zaman aure da saɓon Allah. Maganar ta kai kunnen mahaifinta, ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane. Aka yi biki da walima da wa'azi, ko tafi ba a yi ba. Luba mai son waƙa ce, ko tuwo take tuƙawa za ka ji tana rerawa ƙasa-ƙasa, amma haka ta haƙura.

To ga inda rashin kunyata take. Waƙar nan ban goge ta ba. Na saka ta a memori cikin wani wuri da na rubuta wa suna "Kayan inji", kuma duk wayar da na saya sai na ciro memorin na mayar. Wani lokaci in shago ya yi shiru da rana, sai in saka 'yar igiyar kunne in saurara. Wallahi ba Shafa nake tunawa ba, in na gamu da ita yau a kasuwa ban tabbata zan gane ta ba. Wancan saurayin da ake wasawa a cikin waƙar nake so in ji labarinsa, mai cikakkiyar suma, wanda bai san ciwon baya ba, wanda ya ɗauka duk abin da ya shirya haka zai faru.

Sai ga bikin Hadiza, autar su Luba. Da yake ni ne makanikin dangi, aka ɗora mini kula da janareta. An ajiye ta a bayan gida kusa da ƙofar da ake fitar da shara, don kada ƙararta ta dami mutane. DJ kuma ya kafa kayansa a ƙofar zaure, lasifika ɗaya tana kallon rumfar maza, ɗaya an shigar da ita tsakar gida inda mata suke yini. Bayan la'asar ya fara sakin waƙoƙin yanzu, waɗannan da ba ka jin komai sai dum-dum da ihu.

Da na yi shiru da yanzu ina da mutunci. Amma ina! Na ja kujera kusa da shi na fara wa'azina na kullum: waƙa ta mutu, yaran yanzu ba su san baiti ba, mu a zamaninmu waƙa ɗaya takan sa ƙato kuka. Maza biyu uku sa'o'ina suna gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara zuba. Da abin ya ishi DJ, sai ya cire abin kunnensa ya dube ni.

"To Baba, kawo naku mu jiya, tunda namu ba su gamshe ka ba."

Wannan "Baba" ita ta ƙarasa ni. Na buɗe bayan wayata, na zaro memori, na miƙa masa ina cewa ya saki duk abin da ke ciki, babu ta yarwa.

Kuma da farko abin ya yi kyau, shi ya fi ba ni haushi. Waƙar farko tana tashi muka ji guɗa daga cikin gida. Matan da tun azahar suke zaune suna kallon 'yan mata, masu 'ya'ya uku da huɗu, duk suka miƙe. A rumfar maza wani mai sayar da taki ya rufe ido yana bi baiti-baiti, ya ce rabonsa da jin wannan tun yana saurayi. Aka yi ta biyu, aka yi ta uku. Ni kuwa na harɗe ƙafa ina karɓar gaisuwa, sai ka ce ni na rera su.

Ana cikin ta biyar janareta ta fara tari. Na tashi da sauri na zagaya baya, na tsuguna na gyara mata iska, ta daidaita. Ina nan tsugune da sifana a hannu sai na ji wani fiyano ya shigo, a hankali, sannan ganga ta biyo. Kaina ya fara kaɗawa tun kafin hankalina ya gane. DJ ashe ya haɗe duk abin da ke memorin wuri ɗaya, har da kayan inji.

A nan ne nake so mai karatu ya fahimci girman wautata. Makunnin janareta yana gabana, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba. Akwai kusan rabin minti na kiɗa zalla kafin mawaƙin ya buɗe baki. Da na danna shi, da an ce inji ne ya mutu, in koma in karɓi memorina, magana ta ƙare. Na san haka sarai a lokacin, har na ɗora yatsa a kai.

Ban danna ba. Shekara goma sha uku ina jin waƙar nan a ɓoye, a 'yar igiyar kunne mai ɓari ɗaya, ban taɓa jin ta a babbar lasifika ba, alhali don haka aka yi ta. Sautin ya cika unguwar, yana dukan katanga yana dawowa. Na ce wa raina bari dai in ji shigowar murya, sai in kashe. Murya ta shigo, ta kira sunana da na mahaifina da unguwarmu. Na ce to bari a wuce wurin injin da ya gagari kowa. Aka wuce. Ban san lokacin da na rufe ido ba.

Kawai sai na ji ɗif, janareta ta mutu, kiɗa ya yanke. A cikin shirun nan murya ɗaya ce ta rage a duk unguwar, tawa, da ƙarfi, tana ƙarasa amshi: "...yau Maradun ta ba ka amana."

Na buɗe ido. Luba ce tsaye a kaina cikin ankon biki, yatsanta a kan makunnin. Ta ƙofar baya ta fito da gudu don ta ce mini in kashe, sai ta tarar da mijinta tsugune, ido rufe, yana kaɗa sifana. Ƙofar kuma a buɗe ta bar ta, mata cike da tsakar gida suna leƙowa, surukata tana zaune a kan tabarma daidai saitin da nake. Daga can ciki wata gwaggonsu mai kaifin murya ta ce, "Shin wanga ba mijin Luba na anka ambata ba? To wace ta Shahwa? Amarya dai Hadiza sunanta!"

Wani ya fashe da dariya a rumfar maza, sauran suka bi. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska. Luba ta juya ta koma ciki, na ji tana ce wa mata a ci gaba da rabon abinci. Na so ƙasa ta tsage a wurin, amma dole na sake tada janareta, don biki bai ƙare ba kuma ni ne mai inji.

Kwana biyu Luba ta ƙara a Bakura ana kai amarya. Ranar da ta dawo, da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, ta same ni ina ɗaure kayan aiki a babur.

"Baban Ummi, waya nawa kac canza tun da anka kawo ni gidanga?"

Na ce huɗu.

"Dut tana biye da kai?"

Na fara rantse-rantse, cewa ba Shafa ba ce, ƙuruciya ce, zamani ne. Ta ɗaga mini hannu.

"Ni ba Shahwa ad damuwata ba, Allah shi ba ta lahiya inda take. Shekara goma sha ɗaya, duk bukin da nit tahi anka saka waƙar amarya, sai in ce ma ƙawayena ni mijina mai tsoron Allah na, shi yas sa ba a yi man ba. Da alfahari nika hwaɗi, har ina tausaya musu. Ashe ba tsoron Allah na ba. Riga ni anka yi."

Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin na wannan lokacin ba, dariyar Bakura duk wasa ce a kansa. Da na rasa abin cewa, sai na ƙara wata wautar, na ce in tana so zan nemi mawaƙi a yi mata tata, wadda ta fi waccan.

Ta yi 'yar dariya mara daɗi. "Da ɗiya ukku? A ce mi, amarya ta ga jiya? Bar shi. Wadda nis so ta wancan lokaci ta."

Na ciro wayar a gabanta, na nemo waƙar, na goge, na nuna mata don ta gani da idonta. Ta duba, ta ɗauki tsintsiyarta.

"Ka goge ta ga waya," ta ce. "Ai ka hardace ta."

Gaskiyarta, kuma ba ni da makunnin wannan. Muna nan zaune lafiya, ba ta fasa mini komai ba, sai dai in an gayyace ta biki yanzu, ta kai gudummawa ta dawo kafin a kunna kiɗa. Abin da na koya, da tsada, shi ne in za ka yi ƙarya don ka ɓoye ciwonka, kada ka jingina ta da Allah, don wani zai ɗauke ta da zuciya ɗaya ya yi ado da ita shekara da shekaru. Sannan in kai aka ba amanar janareta, ka kashe tun a fiyanon farko.