Direba Ya San Ni

"Malam, motar Gashuwa fa ta tashi," in ji mai shayin tashar Nguru, ina tsaka da bayanin inda ake sa "who" da inda ake sa "which".

Matata Hajara, Allah ya jiƙanta, ita ce za ta rubuta jarrabawar Turanci a Gashuwa da hantsin ranar, don shiga kwalejin malamai. Tun isowarmu ta ce mu shiga mu kama wuri. Na ce direba ya san ni, ba zai tafi ya bar akawun jirgin ƙasa ba. Na zaunar da ita a benci don bitar ƙarshe. Da na ga masu kifi sun taru suna saurarona, sai na ƙara murya.

Wata motar ba ta cika ba sai azahar.

Hajara ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ƙarasa mana, Malam, masu kifi na jira."

Daga ranar, ko masallaci zan fita sai ta ce, "Direba dai ya san ka ko?"

Na yi mata alkawarin baɗi, baɗin ya same ta da goyo. Har ta rasu ban kai ta Gashuwa ba.