Gyara Talatin da Ɗaya

Shekarar da na ajiye alli, bayan shekara talatin da huɗu ina koyarwa, ita ce shekarar da aka fara kawo mini jikata. Shekararta biyar a lokacin. Na miƙa mata hannu na ce ga mijinki, ta dube ni daga hula har takalmi ta ce ita ba ta auren mai gashi a kunne. Tun ranar nake kiranta Amarya, ita kuma tana kirana Tsohon Miji.

Yanzu shekararta ashirin da biyu. Wani kamfanin wasannin kwamfuta ya nemi wanda zai ƙirƙira wa mutanen cikin wasansu harshe, aikin shekara biyu, aka ce duk mai so ya kai nahawun harshensa ofishinsu kafin ƙarfe biyu na ranar Alhamis. Amarya ta yi mako uku tana rubuta nata da hannu, shafi goma sha biyu, domin haruffan da ta ƙirƙiro babu su a kwamfuta. Ranar Laraba ta kawo littafin ta ajiye a teburina, wai a gidansu ƙannenta za su zubar masa da shayi. A kan teburin nan kuwa jan birona yake zama.

Ranar Alhamis ƙarfe tara ta shigo da rawar jiki, tun daga bakin ƙofa take gaisuwa.

"Lafiya lau, Tsohon Miji. Ya gwiwa? Ta tashi tare da kai ko tana can kwance?"

"Gwiwa ta gode. Ke kuma wannan kwalliya, yau za ki tare ne?"

"A gidan da babu komai sai ƙamus? Ba ni littafina, sauri nake."

Na miƙa mata ina murmushi, na ce ba sai ta yi godiya ba. Ta buɗe shafi na huɗu, ta tsaya. Ta duba na biyar, na shida, na tara. Sai ta zauna a hannun kujera, abin da na hana ta tun tana ƙarama.

Ga abin da ya faru. A harshen nata, suna yana sauya wutsiya gwargwadon aikin da yake yi a cikin magana. Gida shi ne "sorek". A cikin gida "sorekto", daga gida "sorekmi", haka har wutsiya shida. Da na ga jerin nan a shafi na uku sai da idona ya kawo ruwa, domin haka muke rera Latin a makarantar mishan, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a tsaye, Fada yana bin layi da rula a hannu. Amma daga shafi na huɗu wasu sunaye suka ƙi bin layi. Ruwa "lum" ne, a cikin ruwa ya kamata ya zama "lumto", ita kuwa ta rubuta "luto". Haka uwa, haka wuta, haka hannu. Ni kuma hannuna bai iya ganin kuskure ya wuce ba. Katin gayyatar auren ɗana ma sai da na gyara shi na mayar wa surukai. Wuri talatin da ɗaya na soke mata da ja, na rubuta daidai a gefe.

"Kaka," ta ce. In ta kira ni Kaka, to magana ta ɓaci. "Harshen nan wa ya ƙirƙira shi?"

"Ke."

"Mutum nawa ke jin sa a duniya?"

"Biyu. Ke, sai ni da na koya jiya cikin awa biyu, na kuma fi ki."

"To ta yaya zan yi kuskure a harshen da ni ce uwarsa, ni ce ubansa?"

Na ce ita ta kafa doka a shafi na uku, ita ta karya ta a na huɗu. Ta ce da gangan ta yi. Kalmomin da baki ke faɗa kullum, in ji ta, cinyewa suke yi kamar dunduniyar takalmi, kuma kamfanin ya rubuta ƙarara cewa ba ya son harshe mai tsari kamar jadawalin lissafi, yana son wanda za a ji kamar an yi shekara dubu ana magana da shi. Sannan ta tambaye ni ko Latin ɗin nawa ba shi da irin waɗannan kalmomi masu taurin kai. Yana da su. A kansu na fi shan rular Fada. Na dubi agogo, tara da minti ashirin. Shafi huɗu na ɓata, ita kuwa kowane shafi kusan kwana biyu yake ɗaukar ta.

"Na sake ka," ta ce. "Saki uku."

"Ki bari sai bayan ƙarfe biyu. Buɗe aljihun tebur na ƙasa, akwai farar takarda da baƙar tawada."

A mishan, kafin a koya mana fahimta, kwafi aka fara koya mana. Na kwafi shafukan Girkanci guda-guda ban san ko harafi ɗaya ba, kuma ba a taɓa mayar mini da aiki ba. Na gaya mata haka ina cika alƙalami. Ta ƙwace jan biron ta jefa a jakarta, ta ɗauki rulata ta tsaya a kaina.

Shafin farko ya ci minti hamsin da biyar. Haruffanta masu ƙugiya ne kamar an rataye kaya a ƙusa, amma kafin rabin shafi hannuna ya kama su. Da na zo kan "luto" alƙalami ya tsaya da kansa. Ta buga rula a tebur.

"Rubuta, ɗalibi."

"Hannuna ya ce haramun ne."

"Ka ce masa ni ce Fada yau."

Na rubuta, ina jin kamar ana cire mini haƙori. Ta ce tsufa ya sa ina numfashi kamar tsohuwar mota a kan tudu, na ce motar nan ce dai za ta kai ta ofis. Muka ci gaba, ita tana busa tawada tana tsalle-tsalle tana kiran lokaci duk minti biyar, ni ina ce mata agogo na da baki, ba ya bukatar tafinta.

A shafi na tara na ajiye alƙalami. Na nuna mata ɗaya daga cikin wuraren da na soke, inda ta rubuta "sorekmi" ta fassara shi da a cikin gida, alhali daga gida ne, kuma gida ba ya cikin kalmominta masu taurin kai. Ta daɗe tana kallon wurin. Daga nan ta ce ai wannan karin harshen mutanen bayan dutse ne. Na ce na karanta littafin sau biyu, babu dutse a cikinsa.

"To gyara," ta ce a hankali. "Amma da baƙi."

Ƙarfe ɗaya da minti biyar muka gama. Ta cire ɓatattun shafukan, ta ɗinke sababbin, sannan ta kama tafin hannuna ta rubuta da jan birona: ɗaya bisa talatin da ɗaya, ka zo da mahaifinka gobe. Na ce mahaifina ya shekara arba'in a ƙasa. Ta ce to in kawo takardar uzuri, ta fita da gudu takalmi ɗaya bai gama shiga ba.

Biyu saura minti takwas wayata ta yi ƙara. Amarya ce. An karɓi littafin, an buga hatimi. Ta ce akawun ya juya shafukan ya tambaye ta wa ya rubuta huɗun nan, domin sun fi sauran kyau.

"Me kika ce masa?"

"Na ce wani ɗalibina ne. Yana da hannu, sai dai ba ya jin magana."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da na samu numfashi na ce ta riƙe biron, na ba ta. Ta ce da ma ba ta yi niyyar dawo da shi ba.