Yadda Za Ka Cika Kwamfutarka da Talla Har Surukinka Ya Gani

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari cikin sati biyu kwamfutarka za ta koma kasuwa ranar da take ci: mai maganin teɓa a dama, mai raba motoci kyauta a hagu, kai kuma a tsakiya kana neman hanyar wucewa. Sunana Zulkifilu, sakataren ƙungiyar manoman wake ta Nariya, a ƙasar Kibiya. Ba labari aka ba ni ba. Duk abin da za ka karanta a kaina na gwada shi, bayan kakar 2013, kuma akwai shaidu cikin aji guda.

Mataki na 1: Kada ka bari a taimake ka

Ranar da na sayo 'yar kwamfutata ta hannu daga Kano, don rubuta wasiƙun ƙungiya, na biya ta Rano in gai da yayar matata, Malama Halimatu Sa'adiya. Ita kwamfutar ma take koyarwa a sakandaren 'yan mata.

Ta juya ta, ta duba, ta ce, "Bar min ita zuwa gobe in sa maka riga-kafin cutar kwamfuta."

Na ce, "Haba Yaya, ai na iya."

To, abin da za ka faɗa ke nan. Ilimin kwamfuta daga jakarta yake shiga jiki. Da zarar ka rataya ta a kafaɗa ka ratsa tasha, ka gama makaranta.

Mataki na 2: Danna maɓallin da ya fi girma

Ka sa mudem, ka shiga intanet, ka nemi wata manhaja ta kyauta. Ni ta kallon bidiyo na nema. Shafin zai nuna maka korayen maɓallai huɗu, kowanne yana cewa shi ne na saukewa. Na gaskiyar ƙarami ne, yana can ƙasa ya yi lamo. Rabu da shi. Danna ƙaton nan mai ƙyalli.

In ta fara shiga za ta jero maka tambayoyi da ƙananan rubutu, da 'yan akwatuna waɗanda an riga an sa musu alamar amincewa a madadinka. Kada ka karanta. Mutanen da suka ɗauki nauyin amsa maka tambaya, rashin tarbiyya ne ka tsaya binciken su. Ci gaba, ci gaba, ci gaba, kammala.

Baƙuwa ɗaya na gayyata, shida suka biyo ta. Akwai wata mai gaya mini yanayin garin wata ƙasa da dusar ƙanƙara ke zuba. Akwai wasu layuka da suka jeru a saman burauzata, wato manhajar buɗe shafukan intanet, har shafin ya koma kamar tagar kicin. Akwai kuma wani likita mai jan gicciye, wanda duk safiya yake sanar da ni kwamfutata na fama da cututtuka dubu da ɗari huɗu.

Mataki na 3: In talla ta fito, girmama ta

Kowace talla tana da alamar rufewa a kusurwa. Wasu biyu gare su, ɗaya ta ƙarya. Ta ƙaryar za ka danna. Ka rufe ɗaya, uku su buɗe. Wannan shi ake kira albarka.

Da abin ya fara yawa na nemi shawarar abokina Uzairu, direban motar Kibiya zuwa Kano. Shi ba shi da kwamfuta, amma ya sha ɗaukar masu ita.

Ya ce, "Kai ma da wani abu. Ga likita a ciki ya zo da kansa, ba sai ka danna shi ya yi aikinsa ba?"

Na danna. Likitan ya kawo abokan aikinsa biyu.

Mataki na 4: Ka saba

Za ta yi nauyi. Ni in na kunna ta sai in tafi masallaci la'asar, in tsaya gaisawa da mutane, in dawo in tarar tana miƙa. Wani lokaci kuma murya ta tashi haka kawai, da Turanci, ana tafi.

Matata Barira ta leƙo ɗaki da ludayi a hannu. "Malam, baƙi muka yi?"

"Taya ni murna ake, wai na ci mota."

"Allah ya sanya alheri. In ta iso a kai ni Madachi suna."

Da ta ce ko a kai wa Yaya ta duba, na ce mata manyan kwamfutoci haka suke, tunani ne ya yi musu yawa.

Mataki na 5: Zaɓi taron da ya dace

Duk wahalar nan banza ce in kai kaɗai kake gani. Nemi jama'a, kuma manya.

Ni dama ta same ni da ƙwari suka ci mana wake shekara biyu a jere. Malamin gona ya ba mu labarin wani bidiyo da ke nuna yadda ake ɗaure wake a buhu mai leda biyu a ciki, ya shekara ba a zuba masa magani ba. Ya ara mana majigi. Muka ari aji a firamare, muka rufe tagogi da tabarmi, aka tada janareta bayan azahar.

Kada ka sauke bidiyon tun a gida. Bar shi a intanet, ka sa mudem a gaban jama'a, don su ga aikin.

A bencin gaba akwai shugabanmu Malam Ishiyaku, mutum mai jiki. Kusa da shi liman. Kusa da liman, surukina Alhaji Ɗantsoho, mahaifin Barira, wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tunda bidiyon da Turanci yake, muka roƙi Malam Jabiru, tsohon hedimasta, ya tsaya gefen bango yana fassara. Mutum ne mai amana. Duk abin da ya gani a rubuce sai ya faɗa.

Minti uku komai lafiya. Wani mutum a bango yana zuba wake a leda, dattawa suna gyaɗa kai. Daidai zai ɗaure bakin buhun, sai wani ƙaton tumbi ya rufe shi ruf.

Malam Jabiru ya gyara tabarau. "An ce, narkar da wannan cikin kwana tara."

Ba wanda ya yi niyya, amma duk ajin ya juya ya kalli shugaba. Malam Ishiyaku ya ja babbar rigarsa ya rufe gaba.

Na danna alamar rufewa. Ka san wacce na danna. Sai ga wata Baturiya, kai ba ɗankwali, tana murmushi, girmanta ya kai ƙofa.

Malam Jabiru ya ce, "Wannan kuma ta ce tana nan kusa da kai. Ta ce kaɗaici ya dame ta, kai take jira." Ya ɗan tsaya, ya waiwayo. "Sakatare, wannan ma cikin darasin waken ne?"

Liman ya ce, "A'uzu billahi." Daga bayan aji wani ya ce, "Kusa da shi? A Nariya?"

Mataki na 6: Rufe da hula

Nan ake gane gwani. Na cire hulata na kifa a fuskar kwamfutar. Ta rufu sarai, ni na daina ganin komai. Bangon ne kawai na manta. Baturiyar tana can tana ƙifta wa liman ido.

Da na farga na fizge waya. Ta caji ce, kwamfutar tana da batir. Na fizge wata, fanka ta tsaya. Sai da wani ya fita ya kashe janareta.

A cikin shirun na ce, "Jama'a, aikin maƙiya ne." Alhaji Ɗantsoho ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ɗauki sandarsa ya fita. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi.

Mataki na 7: Kada ka yi saurin komawa gida

Ka ba labarin lokaci ya riga ka isa gida. Ni na tsaya naɗe tabarmi, kafin in isa har Baturiyar ta koma 'yar Kibiya, ta sami suna, wasu ma sun san ƙofar gidansu.

Na tarar da Barira tana tankaɗe. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Wace ce ta kusa da kai?"

"Wallahi ban san ta ba."

"Ita ta san ka. A gaban Baba ta faɗa."

"Barira, talla ce."

"Tallar me? Me take sayarwa?"

Nan ilimina ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Shekara tara muna tare ban taɓa ganin ta tankaɗa gari sau uku ba. Da safe na ga ta naɗe kwamfutar a zane, ta sa hijabi, ta goya 'yarmu Na'ima. Ta ce Rano za ta wurin Yaya, in abin da ake faɗa gaskiya ne, daga can gidansu za ta wuce. Na bi ta tasha. A mota ɗaya muka tafi, ita a gaba, ni a can baya tsakanin buhunan gyaɗa.

Mataki na 8: Wannan ka guje shi, yana ɓata duk aikin

Na sa shi ne kawai don ka san abin da za ka kauce wa.

Yaya Halimatu ta saurari ƙanwarta har ƙarshe, ba ta kalle ni ba. Ta kunna kwamfutar, ta sa mudem, muka zauna jira. Can sai ga mutuniyar.

Ta ce, "Barira, jiya a ina ta ce take?"

"Kusa da shi."

"Yau ga ta a Rano, a hannuna, ta ce tana kusa da ni. Ki kai kwamfutar nan Legas, can ma kusa take. Hoto ne, kowa shi ake turawa. Ba ta san mijinki ba, ba ta san akwai wani gari Nariya ba."

"To ya aka yi ta shigo?"

"Shi ya buɗe mata. Ba da niyya ba. Ba ya karatu kafin ya danna."

Sannan ta zare mudem. Ta buɗe jerin manhajojin da ke ciki, ta jera su bisa ranar da suka shiga, ta sa yatsa a kan ta farko. "Ka san wannan?"

"A'a, Yaya."

"Wannan fa?"

"Ina jin likita ne."

"Shi ne cutar."

Ɗaya bayan ɗaya ta cire su. Wasu har roƙo suke, wai ko kin tabbata, wai za mu yi kewar ki. A nan ma sai da ta karanta kafin ta danna, don ta ce wasu a bakin fita suke sako ƙannensu. Ta shiga burauza ta kwashe duk abin da aka liƙa mata, ta mayar da ita yadda ta zo. Ta sa riga-kafin gaske, wanda ta sauko daga shafin masu shi, ta bar shi ya bincike ko'ina, ta kashe ta kunna. Kafin in gyara zama ta buɗe. Shiru. Ba mota, ba tafi, ba dusar ƙanƙara.

Barira ta daɗe tana kallon fuskar kwamfutar. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da hijabi.

"Ni duk na shirya faɗa da mace," in ji ta, "ashe wauta ce kawai."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Kafin mu tashi Yaya ta yi wani abu na ƙarshe. Ta kulle ƙofar shigar da manhaja da kalmar sirri, ta raɗa wa Barira a kunne.

Mataki na 9: Je ka gai da surukinka

Yaya ta riga ta yi masa bayani ta waya, amma zuwa dole ne. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure, na fara jero haƙurin da na haddace a hanya.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Na ji komai wurin Halimatu. Ya wuce." Ya sunkuyo kusa da ni. "Amma Zulkifilu, mutumin nan ta ina ya ɗaure buhun? Wakena yana can ƙwari na ci."

Muka sake taro ranar Asabar. Na sauke bidiyon tun a gida, na bar mudem a aljihu. Jama'ar da ta zo ta ninka ta farko sau uku, har daga Kahu, wasu ko kadada ɗaya ta wake ba su da ita, suna leƙe ta tsakanin tabarmi. Mutumin ya zuba wake, ya matse iska, ya ɗaure leda ta farko, ya ɗaure ta biyu, ya ɗaure buhu. Bidiyo ya ƙare. Dattawa suka yi addu'a. Na baya kuwa suka watse suna tsaki, wai ba wannan aka ba su labari ba.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, da yatsansa ya danna. Ba ruwana, ba ruwan ƙungiya, ba ruwan Uzairu, wanda yanzu yake rantsuwa bai taɓa ba ni shawara ba. Wanda matarsa ta yi yaji, ko liman ya daina amsa masa gaisuwa, kada ya zo ƙofar gidana. Yaya Halimatu kuma ta ce in faɗa, gidanta ba kotu ba ne.

Wanda ya aiko mini da ƙorafi a takardar da sai an sa wata manhaja take buɗewa, ya yi haƙuri ya jira. Barira ta tafi biki Madachi, sai jibi za ta dawo.